Sandunan hawa dutse: ka taho da naka, ka yi haya a can, ko ka tafi hannu rabbana?

Duk wanda ya biya kuɗin irin tafiyar nan ta rukuni, wadda kamfani zai haɗa ku da jagora ya kai ku hawa dutse a wata ƙasa, toh ana saura makonni kaɗan za su turo masa jerin kayan da zai taho da su, takalmi kaza, rigar ruwa, tocilan ta goshi, safar hannu, sai can ƙasa ka ga an saka sandunan tafiya an ce wai in kana so. Wannan "in kana so" ɗin ita ke rikita mutum, don ba su ce dole ba kuma ba su ce ka bari ba, sun bar ka da jaka a buɗe kana ta juya abun a ranka. Ni dai na gwada tafiya da nawa, na gwada na haya, na kuma taɓa tafiya babu, kuma abun da na fahimta shi ne abu biyu ne ke yanke hukuncin, yawan gangarar da ke cikin jadawalin tafiyar, sai kuma ko za ka auna jaka a filin jirgi ko jakar hannu kawai za ka riƙe.

Bari in fara da gangara don mutane da yawa hawa kawai suke lissafawa. Kowa tambayarsa dutsen mita nawa ne, ba mai tambayar ranar saukowa mita nawa za a sauko. Alhali hawa numfashi yake ci, ka tsaya ka huta minti biyu ka dawo daidai, amma saukowa gwiwa da cinya take ci kuma wannan ba ya warkewa da hutun minti biyu, sai washegari da safe za ka san ka yi aiki lokacin da za ka tsuguna ka ɗaure takalmi. Duk takun da ka yi a gangara jikinka birki yake takawa, naman gaban cinya ne ke riƙe nauyinka gaba ɗaya kar ka tafi da ka, shi ya sa bayan awa uku ko huɗu za ka ji ƙafafun suna rawa kamar ba naka ba. Anan ne sanda ke biyan kuɗinta. Akwai binciken da aka yi a Jami'ar Salzburg ta Ostiriya aka buga a 1999, sun auna masu saukowa gangara da sanduna da kuma babu, suka ga nauyin da ke sauka a gwiwa yana raguwa da kamar kashi 12 zuwa 25 cikin ɗari. A taku ɗaya ba wani abu bane, amma ka ninka shi sau dubbai a yini ɗaya.

Ɗauki Kilimanjaro a Tanzaniya. Ranar da ake kaiwa ƙololuwa, masu bin hanyar Machame ko Lemosho suna tashi daga sansanin Barafu ne da tsakar dare, wajen mita 4,670, a hau har Uhuru, wato ƙololuwar, mita 5,895, sannan a wannan yinin dai a juyo a sauko har sansanin Mweka da ke wajen mita 3,100. Wato ka hau mita 1,200 ka sauko kusan 2,800 ba ka yi barcin kirki ba, kuma sashen farko na saukowar daga Stella Point, wani wuri kusa da ƙololuwar, tsakuwa ce zalla mai zamewa, ƙafa na nutsewa tana tafiya da kai. Wallahi a irin wannan ranar wanda ya ce maka sanda ado ce bai taɓa zuwa ba. Haka dutsen Tubkal a Maroko, mita 4,167, yawancin tafiyar kwana biyu ce, ranar ta biyu ka hau daga masaukin da ke wajen mita 3,200 ka kai sama sannan ka gangaro har ƙauyen Imlil, sama da mita 2,300 kenan a ƙasa. Zagayen dutsen Mont Blanc kuwa, kilomita wajen 170 ta cikin Faransa da Italiya da Suwizalan, jimillar hawansa kusan mita 10,000 ne kuma duk abun da ka hau sai ka sauke shi, kullum safiya hawa yamma gangara har kwana goma. Irin waɗannan ba na ma tsayawa shawara, da sanduna biyu ake zuwa.

Amma fa ba kowace tafiya mai jagora ce haka ba. In tafiyar taku irin wadda bas ke ɗaukar ku daga otal ce a kai ku wani tsohon gari ko bakin wani tafki ku taka awa ɗaya ko biyu a dawo, sanda kaya ce kawai. Za ka shiga gidan tarihi a ce ka ajiye ta a ƙofa, ka shiga bas ka rasa inda za ka cusa ta, ka manta ta a gidan abinci kai da dawowa a guje ana jiranka. Sai dai in dama can gwiwarka ko ƙugunka na damunka, wannan kuma maganarsa daban, kai sanda ɗaya mai naɗewa ta ishe ka kuma ba wanda zai ce maka komai.

Akwai wani abu da ya bambanta tafiya da jagora da tafiyar mutum shi kaɗai, kuma yana jan hujjar ta ɓangare biyu. Na farko kayanka masu nauyi ba kai ke ɗauka ba, a Kilimanjaro da Nepal da Peru 'yan dako ne ko alfadarai ko shanun yak, masu dogon gashi na tsaunukan Nepal, ke ɗaukar babbar jakar, kai ƙaramar jakar baya ce kawai da ruwa da riga, kilo biyar ko shida. Toh babbar hujjar masu sanda dama ita ce nauyin kaya a baya, kaga anan ta ɗan yi rauni. Amma ta ɗaya ɓangaren, a rukuni ba kai ke da ikon saurin tafiya ba. Kai kaɗai ne in gwiwa ta fara ciwo sai ka zauna ko ka ce yau anan zan kwana, amma a rukuni akwai masaukin da aka riga aka kama, akwai motar da ke jira a ƙasa ƙarfe kaza, mutum goma sha biyu sun tsaya suna kallonka kana lallaɓowa. Ba wanda zai yi maka faɗa amma kai da kanka za ka ji nauyi ka fara sauri, kuma saurin gajiyayye a gangara shi ke kawo targaɗe. Ni a ganina wannan hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi nesa ba kusa ba.

Kada kuma a ɗauka sanda ba ta da nata aibun. Hannayenka biyu a cike suke, kana so ka ɗauki hoto sai ka tsaya ka jingine su ko ka bar su suna reto a wuyan hannu, kana so ka sha ruwa haka, ka buɗe zif haka. Sannan ba ta rage yawan ƙarfin da kake kashewa, raba aikin kawai take yi, ƙafa ta samu sauƙi kafaɗa da damtse su karɓa, wanda bai saba ba ranar farko zai kwana da ciwon kafaɗa da bororo a tafin hannu. Akwai kuma wuraren da dole ka naɗe ta ka ɗaure a jaka, kamar Katangar Barranco a Kilimanjaro inda da hannu ake kama dutse ana hawa, jagora da kansa zai ce kowa ya ajiye. Ga kuma na gabanka a layi wanda bai iya riƙewa ba, yana ɗaga tsinin sama yana wurgawa baya saitin fuskarka, shi ya sa a hawa ake barin tazara. In hadari ya taso da walƙiya kuna kan tudu a fili ma ba abun riƙewa bane, na ƙarfen da na kabon, wani abu mara nauyi da ake ƙera sanduna da shi, duka suna ɗaukar lantarki.

Toh mu ce ka yanke kana buƙata, saura tambaya ta biyu wadda ita ce ainihin ciwon kan, ka taho da naka ko ka nema a can.

Matsalar naka jirgi ne. Bakin sandar wani ƙarfe ne mai tauri da tsini, kuma a yawancin filayen jirgi ba a barin sanda mai tsini ta shiga cikin jirgi a jakar hannu. Za ka ji wani ya ce ai ni na wuce da nawa ba wanda ya kula, gaskiya ne yana faruwa, amma jami'in da ke kan na'urar bincike shi ke da magana ta ƙarshe, kuma in za ka canza jirgi a wata ƙasa sai an sake bincike, na farko ya bari na biyu ya ƙwace, ka tashi a tutar babu. Sandar dogarawa ta mara lafiya ko dattijo ita ana bari, amma kar ka ɗauko sandunan hawa dutse biyu ka ce na jinya ne, sun san bambancin. Don haka in dama za ka auna jaka shikenan magana ta ƙare, saka su a ciki ka rufe tsinin da hular robarsu ko ka naɗe da safa kar su huda maka jaka. In kuma jakar hannu kawai ka yi niyya, biyan kuɗin awo zuwa da dawowa saboda sanduna biyu kawai ba dabara bace, sau da yawa abun da za ka biya ya isa ka yi haya a can har ka samu canji.

Tsawon sandar in an naɗe ta ma abun dubawa ne kafin ka saya. Masu zugewa, waɗanda ɓangare ke shigewa cikin ɓangare kamar eriyar rediyo, in ka tattara su suna tsayawa wajen santimita 60 zuwa 65, ba kowane akwati suke shiga ba sai a karkace, ko da yake ana iya zare ɓangarorin gaba ɗaya a jera su. Masu karyewa uku da igiya a ciki kuwa suna komawa santimita 35 zuwa 40, su ne abokan matafiyi, har cikin ƙaramar jakar baya suke ɓacewa. Illarsu wasunsu tsawo ɗaya ne ba a ƙarawa ba a ragewa, in za ka saya nemi wanda ke da ɗan wurin daidaitawa a sama. Sai alminiyom da kabon. Kabon ya fi sauƙin nauyi amma in ya maƙale tsakanin duwatsu ka danne shi karyewa yake yi fat ɗaya, alminiyom lanƙwasa yake yi ka ɗan miƙe shi ka ƙarasa tafiyar da shi. Jakar da za a yi ta jifa a filin jirgi sannan a ɗaure a bayan alfadari, ni alminiyom zan saka mata, bambancin nauyin bai wuce na wayar hannu ba. Leki da Black Diamond da Komperdell su ne sunayen kamfanonin da za ka fi ji, amma masu sauƙi irin na Decathlon ma suna kai mutum su dawo da shi, abun da za ka duba makullin ne, mai ɗan marfi da ake dannewa daga waje ya fi na murɗawa, don na murɗawa in ƙura ko sanyi ya shige shi ko ya ƙi kamawa ko ya ƙi buɗewa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, in Niyu Zilan ko Ostireliya za ka, kayan tafiyar daji sai ka bayyana su a takardar shiga ƙasa kuma za su duba, ba sa son ƙasa ko irin ciyawar wani wuri ya shigo musu. Wanke bakin sandar da takalminka tas kafin ka saka a jaka.

Haya kuwa, a manyan wuraren nan abun a yalwace yake. Moshi da Arusha a Tanzaniya, unguwar Thamel a Katmandu ta Nepal, Kusko a Peru, Imlil, duk akwai masu ba da haya ko sayarwa, kuma sau tari kamfanin da ya shirya tafiyar shi ma yana da nasa, jagora zai kawo ranar da ake duba kaya a otal. Ba ka da damuwar jirgi, ba ka sayi abun da ƙila sau ɗaya za ka yi amfani da shi a rayuwa ba, in ka gama ka miƙa musu kayansu. Ga wanda za shi Everest Base Camp, sansanin da ke gindin dutsen Everest a Nepal, ma akwai ƙarin dalili, ƙaramin jirgin da ke kai mutane Lukla, garin da ake fara tafiyar, kilo 15 ake ba kowa har da jakar hannu, kowane giram ana lissafinsa.

Amma haya sa'a ce. Sandar ta bi ta hannun mutum ɗari kafin kai, tsinin ya cinye, igiyar hannun ta tsinke an ɗaure, wani lokacin ma biyun ba iri ɗaya bane. Ni akwai wadda na taɓa karɓa da yamma ban duba ba don gajiya, kwana biyu lafiya lau, sai ranar gangara na dogara da ita da dukkan nauyina kawai ta zuge ta shige ciki, na tafi gaba ɗaya Allah ya sa gefen da na faɗa ba rami. Laifina ne rabi don minti ɗaya ya isa in gane. In an ba ka, buɗe ta daidai tsawonka ka kulle, ka kafa a ƙasa ka danna da ƙarfi kamar za ka hau kanta, in ta motsa ko kaɗan a canza maka ko a ɗaure ɗan sukurun da ke jikin makullin. Kuma ka yi wannan a gari tun kuna otal, in kun shiga daji babu canji. Wanda ya fi tsayi sosai ko gajere sosai shi ma haya na iya ba shi matsala, gara ya rubuta wa kamfanin tun kafin ya taso ya faɗi tsawonsa. In kuma hanyar da za ku bi ba sananniya bace, wani ƙauye ne can da ba kasuwar masu hawa dutse, kar ka dogara da za a samu.

Babban abun da naka ya fi haya da shi ba ingancin ƙarfe bane, sabo ne. Mutumin da ya fara riƙe sanduna ranar farko ta tafiya yakan yi kwana ɗaya ko biyu yana harɗewa da su, yana kallon inda zai kafa sanda maimakon inda zai sa ƙafa. In naka ne kana da makonni ka gwada. Tsawon da ya dace shi ne in ka riƙe ta a tsaye a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa gwiwar hannunka ta yi kusurwa daidai kamar harafin L, ko ka ninka tsawonka da 0.68, mai santimita 170 zai samu wajen 115. A hawa ka rage santimita biyar zuwa goma, a gangara ka ƙara. Igiyar kuma ta ƙasa ake zura hannu a fito sama sannan a kama, yadda nauyin zai zauna a wuyan hannu ba sai ka matse yatsu ba, mafi yawan masu haya ta sama suke zurawa kuma ba wanda ya gaya musu. A gangara mai tsanani da yawa sukan cire hannu daga igiyar gaba ɗaya, don in ka faɗi gara sandar ta tafi ita kaɗai da ta murɗe maka babban yatsa.

Peru tana da nata dokar da ya kamata ka sani tun daga gida. A Hanyar Inka, ta kwana huɗu mai kilomita wajen 43 wadda ke kaiwa tsohon birnin Machu Picchu, ba a yarda da tsinin ƙarfe ba saboda yana cin duwatsun da aka shimfiɗa tun ƙarni na 15, dole sai da hular roba a baki, kuma hular nan faɗuwa take yi a tsakanin duwatsu don haka ka riƙe ta ajiya a aljihu. Hanyar tana hawa har mita 4,215 a rana ta biyu, rana ta uku kuma gangarar matakalan dutse ce ta kusan mita 1,000, wasu matakan tsayinsu ya kai gwiwa, toh nan sanda na da rana sosai. Amma cikin Machu Picchu kanta ba a shiga da sanduna sai dattawa da masu lalura. Kaga wanda jirgin ƙasa zai kai shi ya ga Machu Picchu ya dawo ba shi da dalilin ɗaukar su sam.

Akwai kuma inda ake ba ka sanda a wurin. Masu zuwa kallon goggon biri a Bwindi ta Yuganda ko dajin duwatsun aman wuta na Ruwanda, a bakin hanya ake miƙa wa kowa sandar itace, kuma a taɓon nan da santsi ta fi ta zamani amfani don ba ta da makullin da zai zuge, in an kusa birran ma ajiye ta ake yi. A dutsen Fuji na Japan, mita 3,776, sandar itace ake saya a ƙasa a riƙa buga mata hatimin wuta a kowane masauki har sama, mutane na komawa da ita gida don tunawa, ko da yake a saukowa ta cikin tsakuwar nan sanduna biyu na gaske sun fi ta.

Ɗaya ko biyu? Ɗaya tana taimakawa wajen kar ka faɗi, a tsallaka rafi ko santsi, kuma ta bar maka hannu ɗaya na kyamara. Amma sauƙin gwiwa da ake magana biyu ne ke kawo shi, ɗaya tana sa ka karkata gefe guda yini guda. In ku biyu ne kuke tafiya tare kuma hanyar matsakaiciya ce, saiti ɗaya ya ishe ku, ku raba a inda ba wuya, a gangara mai raunin gwiwa ya karɓe duka.

Ni yanzu abun da nake yi, in jadawali ya zo ina neman ranar da ta fi kowace saukowa. In ta kai mita 800 zuwa 1,000, ko an ambaci tsakuwa ko dusar ƙanƙara ko matakala, ko kwanakin tafiyar sun wuce uku a jere, da sanduna zan tafi, nawa in ina auna jaka, na haya in ba na aunawa kuma garin sananne ne. In jadawalin bai rubuta yawan saukowa ba, kuma da yawa kilomita da awa kawai suke sakawa, sai in tura wa kamfanin saƙo in tambaye su mita nawa ake saukowa a rana mafi tsanani, kuna da na haya kuma wane irin makulli ne da su, sannan su jagororin naku suna riƙewa a wannan hanyar ko a'a. In aka ce min har jagora yana fito da nasa ranar saukowa, a daren nake saka nawa a jaka.